Mene ne ma'anar "sham" a Turanci, kuma ina ta samo asali?

Tambaya: Salam malam, ni ɗaliba ce daga Zariya. Ina yawan jin 'yan adawa a labaran Turanci suna cewa "sham election", na duba ƙamus na ga an ce abu na ƙarya. To ita da "fake" ɗaya ne? Kuma tana da alaƙa da "shame" ko da ƙasar Sham?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Bari in fara da mai sauƙin, babu ruwanta da ƙasar Sham, wannan sunan Larabci ne na yankin Siriya da kewaye, kamanceceniyar lafazi ce kawai.

Ita "sham" in kina son ki kama ta da kyau ki tuna da angulu da kan zabo. Abu ne da aka shirya shi tsaf daga waje, komai ya cika, amma ainihin abin babu shi a ciki, kuma da gangan aka yi hakan don a rufe idon mutane. Ɗauki zaɓen da kika ambata, an buga ƙuri'u, an kawo akwatuna, mutane sun sha rana a layi an dangwala musu tawada a yatsa, alhali tun daren jiya an gama rubuta sakamako, to wannan shi ne "sham election", mu kuma mu ce zaɓen jeka-na-yi-ka. Haka "sham trial", alƙali na zaune lauyoyi na ta kai da kawo amma hukunci na cikin aljihu tun kafin a shigo kotu.

Nan ne bambancinta da "fake" yake, kuma ɗalibaina na yawan tuntuɓe a wurin. "Fake" ta fi zama a kan jabun kaya, kuɗin jabu, maganin jabu, takardar bogi. "Sham" kuwa ta fi son abin da ake shiryawa kamar wasan kwaikwayo, irin su zaɓe, shari'a, bincike, aure. In kika ce wa Bature takardar dubu ɗaya "sham" ce zai gane, amma zai ji wani banbaraƙwai.

Auren ma har cikin doka ya shiga. A Birtaniya dokar shige da fice ta 1999 ta yi bayanin "sham marriage", wato auren da aka ƙulla don a samu izinin zama kawai ba don zaman aure ba, kuma ta wajabta wa masu rajistar aure su kai rahoto in sun yi zargi. Dokar 2014 ta ƙara wa'adin sanarwar aure daga kwana 15 zuwa 28, in ana bincike ya kai 70. In ɗalibi ya tambaye ni yadda zai fassara auren kisan wuta da Turanci, wannan kalmar nake fara nuna masa, don an ɗaura, an yi shaidu, an raba goro, amma niyyar zama babu.

Tana zuwa a matsayin aikatau ma. Yaron da ya langaɓe da safe yana riƙe ciki don kar ya je makaranta, Bature zai ce "he is shamming", wato ciwon ƙarya yake, ko mu ce lamɓo yake yi.

Asali kuwa, kalmar ta ɓullo ne a Ingila wajen shekarun 1670, a matsayin zaurancen 'yan birni. A wani wasan kwaikwayo na William Wycherley da aka buga a 1677, sai da wani ya tsaya ya yi wa abokinsa bayanin ma'anarta, kin ga alamar sabuwa ce fil a lokacin. Sai ta faɗo daidai zamanin da ake ta ƙirƙiro labaran makirci, irin na Titus Oates a 1678 da ya ce wai 'yan Katolika na shirin kashe Sarki Charles na biyu, aka kashe mutane a kan ƙarya, nan fa "sham plot", wato makircin ƙarya, ta cika bakin jama'a. Hasashenki kan "shame" ma bai faɗi ƙasa ba, don masana da dama na ganin yadda mutanen arewacin Ingila ke furta "shame" ɗin ne ya haifar da ita. Amma yau ma'anarsu ta rabu, ki kula da furuci, ɗaya "sham" a gajarce, ɗaya "shem" da ɗan ja.

Ba kullum take zama zagi ba fa. Likitoci na da "sham surgery", tiyatar da ake yi don gwaji da sanin marar lafiya da yardarsa cewa zai iya faɗawa rukunin da ba za a yi wa ta gaske ba. A 2002 an wallafa wani bincike daga Houston ta Amurka kan mutum 180 masu ciwon gwiwa, wasu aka yi musu aikin sosai, wasu aka ɗan tsaga fata kawai aka ɗinke, da aka bi su shekara biyu sai aka ga waɗanda aka yi wa na gasken ba su fi sauran samun sauƙi ba. Sannan in kin shiga kantin kayan ɗaki kika ga "pillow sham", rigar matashi ce ta ado, wadda ake ɗorawa a kan gado da rana a cire in za a kwanta.