Yadda ake gane tsofaffin gine-gine a hotunan farko na titunan birane

Tambaya: Na samu wani tsohon hoto na titin wani birni, ba a rubuta komai a bayansa ba, kuma ina so in san ko gine-ginen da ke cikinsa suna nan har yanzu. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, kafin ka nemi sanin wurin, fara neman sanin lokacin da aka ɗauki hoton, domin idan ka taƙaita shi zuwa shekara goma ko ashirin, taswirori da kundayen da za ka duba sun ragu ƙwarai. Idan hoton yana kan farantin tagulla mai rufin azurfa, yana ƙyalli kamar madubi, to irin wanda Louis Daguerre ya ƙirƙiro ne, wanda aka bayyana wa duniya a 1839, aka kuma yi yayinsa har cikin shekarun 1850. Irin wannan hoto yawanci a juye yake fitowa, dama ta koma hagu, saboda haka ka duba rubutun allunan shaguna tukuna. In haruffan sun juye, to titin ma ya juye. Kada kuma rashin mutane ya sa ka ɗauka ƙaramin gari ne. A hoton da Daguerre ya ɗauka na titin Boulevard du Temple a Faris a 1838, kekunan doki da masu wucewa duk sun ɓace saboda kyamarar ta ɗauki mintuna a buɗe, sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Wayoyin taragon lantarki kuwa, in sun bayyana a saman titi, hoton bai riga shekarun 1880 ba.

Game da ginin kansa, a ganina ƙasansa ne ya fi yaudarar mai bincike, domin masu shaguna suna sauya ƙofa da fenti da allo duk lokacin da haya ta canza hannu. Ka ɗaga ido zuwa benaye na sama. Ƙirga tagogin kowane hawa, ka lura da tazarar da ke tsakaninsu, da siffar bakansu, da adon da ke bakin rufi, da inda bututun hayaƙi yake zaune. Waɗannan sukan daɗe ko da an yi wa gini sabon yaɓe. Gangaren titi da lanƙwasarsa da hasumiyar da ke hangen nesa sun fi ginin ma daɗewa.

Daga nan sai takardu. Sunan ɗan kasuwa ɗaya da ya karantu a allo ya isa a nema a kundin adireshin birni na wancan zamani, amma a tuna cewa lambobin gidaje da sunayen tituna suna canzawa. A Amurka, taswirorin inshorar gobara na kamfanin Sanborn suna nuna yawan hawan kowane gini, kuma launi yana nuna ko na bulo ne ko na katako.

Mai yiwuwa ne kuma ginin ya rushe. Tsakanin 1853 da 1870, Haussmann, jami'in da aka ɗora wa aikin sake tsara Faris, ya share unguwanni da dama a birnin, kuma yawancin lungunan da mai ɗaukar hoto Charles Marville ya ɗauki hotunansu gab da rusau ba su nan yau. In haka ta faru, sai a ɗora tsohuwar taswira a kan sabuwa a gano inda ginin ya taɓa tsayawa.