Amsar tambayarki kan kufan Alƙalawa da zancen fatalwa

Wa alaikumus salam ɗiyata, da fatan kina lahiya ke da maigidan naki da yara. Na ga saƙonki, na bari sai da na natsu don ba irin tambayar da ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Kin ce da kunka zo biki kin yi zancen kina son a kai ki kufan Alƙalawa ki yi hotuna, har ki tsinto ɗan tsingaro ki aje a falo, sai kakarku ta taso miki da faɗa, wai ba a zuwa da rana tsaka, ba a zuwa da almuru, in an je sai an yi sallama, ba a ɗauko komai, in kuma kin ji an kira sunanki kar ki amsa. Shi ne kike tambaya ko da gaske akwai fatalwa a wurin ko dai camfin tsofaffi ne.

To ki fara sanin wurin tukuna, don ku yaran da kunka tashi a birni in an ce kufai sai ku ɗauka wani ɗan ƙauye ne da mutane sunka watse saboda fari. Alƙalawa fa fadar Gobir ce. Kakanninmu daga Asben sunka gangaro, sun zauna Birnin Lalle can cikin ƙasar Nijar ta yau, suna ta matsowa kudu har sunka shigo ƙasar Zamfara a matsayin baƙi, Zamfarawa sunka ba su wurin zama a bakin gulbin Rima. Baƙon nan da ya yi ƙarfi sai ya juya wa mai masauki, Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi a tsakiyar ƙarni na 18, Alƙalawa ta zama babban birni. Ɗansa ne Bawa Jan Gwarzo da kike jin sunansa ko'ina, wanda a zamaninsa Gobir ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba, kuma shi ne ya tara malamai a Magami da sallar layya wajen 1788 ya yi musu kyauta, Shehu Usmanu ya ƙi karɓar dukiya ya roƙi a bar shi ya yi wa'azi, a daina hana mutane amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji, Bawa ya amince. Ina kawo miki wannan ne don ki gane cewa ba tun farko ake gaba ba, an zauna tare an ci an sha.

Bayan Bawa aka yi Yakuba, sai Nafata, sai Yunfa, a hannunsa abu ya lalace. Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, a shekarar anka gwabza a Tabkin Kwatto Gobirawa sunka sha kashi, a ƙarshen shekarar kuma a Tsuntsuwa, nan kusa da Alƙalawa, jama'ar Shehu ce ta yi asarar mutane masu yawa har da mahaddata Alƙur'ani. Sai a 1808 rundunar da Muhammadu Bello ya jagoranta ta ci birnin, anka kashe Yunfa. Ko shekara 60 birnin bai cika ba yana fada. Ba a daina faɗa ba daga nan, a 1836 a Gawakuke anka kashe Sarkin Gobir Ali, bayan nan Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, can daga baya wani ɗan gidan sarautar, Ɗan Halima, ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, Turawa kuma da sunka zo sunka ja layi, Faransa ta ɗauki Tsibiri Ingila ta ɗauki Sabon Birni, shi ya sa har gobe muke da dangi a tsallake. Kin ga kenan ƙasar da kike son zuwa ki yi hoto, ta ko'ina akwai mutane kwance a ƙarƙashinta, na wannan ɓangare da na wancan, kuma da yawansu ba wanda ya san inda kabarinsu yake.

Labaran kuwa muna yara mun sha su har mun ƙoshi. Ana cewa in dare ya raba wani lokaci mai wucewa zai ji tambari can ƙasa-ƙasa kamar daga nesa, in ya tsaya ya kasa kunne sai ya ɗauke. Wasu su ce haniniyar dawaki da sukuwa, wasu hayaniyar kasuwa, ana ciniki ana dariya, ga ƙamshin ƙosai, ka doshi wurin ka tarar ba kowa sai gona. Akwai na wani bafatake da dare ya riske shi, ya ga gari da fitilu ya nemi masauki anka ba shi tabarma da tuwo, da asuba ya farka ya gan shi kwance a gindin kuka shi da jakinsa. Wannan na bafataken, wallahi duk kufan da na taɓa jin labarinsa a ƙasar Hausa sai an liƙa masa shi, mutanen Kabi ma suna ba da irinsa a kan Surame. Ni da kunnena ban taɓa jin tambarin ba, kuma duk wanda ya ba ni labari in na matsa shi sai ya ce ai ƙanin kakansa ne ya ji. Abin da na lura da shi kuma, mai ba da labarin shi ke zaɓar abin da ake ji. Bagobiri tambarin sarki yake ji, wanda zuciyarsa ke wajen jama'ar Shehu kuma sai ya ce maka karatu ake ji ta wajen Tsuntsuwa.

Amma akwai abu biyu da kika cakuɗa. Fatalwa daban, iskoki daban. Fatalwa ita ce wai mamaci ya dawo ana ganinsa, kuma wannan kam ki cire shi daga ranki, Alƙur'ani a suratul Muminun ya faɗa ƙarara cewa akwai barzahu a bayan wanda ya mutu har ranar tashi, ba mai dawowa yawo. Su tsofaffinmu ma in kin saurare su da kyau ba fatalwa suke nufi ba, mutanen ɓoye suke cewa, wai in mutane sun tashi daga gari sai aljanu su tare a ciki, su zauna a kuka da tsamiya da shuri da tsohuwar rijiya. Aljanu kuwa ba mai musu akwai su, sura guda ce da sunansu. Sai dai a Gobir abin ya haɗu da tsohuwar al'adar bori, don a fada akwai sarautar Inna, mace ce daga gidan sarauta, ita ce uwar 'yan bori, kuma maganarta na da nauyi ƙwarai a wurin sarki. To daga can ne ragowar su yanka baƙin akuya a gindin itace da zuba fura ko nono a wani wuri sunka samo asali, wannan ba ruwanki da shi, duk wanda ya ce ki kai wani abu don a ba ki izinin shiga ki ce masa Allah ya ba da haƙuri, yawancinsu ma kuɗinki suke so.

Dokokin kakarku dai ni ban ga wadda zan ce ki yar ba. Sallama ai ko maƙabarta kika shiga ita za ki yi, kuma na gaya miki abin da ke ƙarƙashin ƙasar. Almuru akwai hadisi ingantacce da ya ce a tsare yara in dare ya kawo kai saboda shaiɗanu na bazuwa a lokacin, ga kuma macizai da kunamu da ke fitowa in rana ta yi sanyi, kuma tsohon gari ba ya rasa rijiyoyi da ramukan da ciyawa ta rufe. Rana tsaka kuwa ke da kika saba da fanka da esi je ki tsaya a filin Gobir a watan Afrilu da ƙarfe 1 ki gani ko ba za ki ji ana kiran sunanki ba. Batun ɗauko abu shi ne na fi goyon bayanta a kai, ba don tsingaron zai biyo ki Kaduna ya shaƙe ki ba, a'a, don in kowa ya zo ya tsinci ɗaya mi zai rage, dama noma da ruwan sama sun ci rabonsu. Kuma wurin gonakin mutane ne yanzu, ba a faɗa wa gonar mutum haka kawai da kyamara, sai an bi ta wurin mai gari an gaishe shi ya haɗa ki da wanda ya san wurin.

Abu ɗaya da ban so ba shi ne dariyar da anka ce kin yi wa kakarku a gaban mutane. Ita fa ba ta karanta tarihi a makaranta ba, amma ta iya kirarin sarakunan nan da ka, ki zauna da ita ki kunna rikoda a wayarki ki bar ta ta yi ta zuba, ki tambaye ta wa ya ba ta labarin, daga wane gari kakanninta sunka taso bayan an watse. Ki kai mata goro da turare in za ki.

Zuwa kufan kuwa ki dakata tukuna, kin san halin da yankin Sabon Birni da Isa ke ciki da 'yan bindiga, manoma ma da gonarsu sai sun yi shawara kafin su fita, balle baƙuwa da mota. In Allah ya kawo sauƙi sai a sa rana bayan kaka lokacin an cire amfanin gona, a tafi da hantsi a dawo kafin azahar. Ki gaida mamanki, ki ce mata maganin ƙafar nan da ta aiko ya ƙare.