Digirin digirgir a kimiyyar sinadarai ta kwamfuta: ina kuɗin yake, kuma me ake dubawa?

Tambaya: Ina da digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, kuma na wallafa maƙala uku inda na gwada sinadaran tsirrai a kan furotin na ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro da manhajar AutoDock Vina. Na rubuta wa furofesoshi kusan arba'in a ƙasashen waje, babu wanda ya amsa. Shin akwai gurbin digirin digirgir da ake biyan mutum a wannan fanni, kuma idan an kammala, ina ake dosa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, guraben suna nan, kuma sun ƙaru tun bayan da manhajar AlphaFold ta nuna a 2020 cewa kwamfuta za ta iya hasashen siffar furotin, aikin da ya kai Demis Hassabis da John Jumper ga raba kyautar Nobel ta 2024 tare da David Baker. Sai dai ina ganin ka fi buƙatar sanin dalilin shirun da aka yi maka, amma bari mu fara da inda kuɗin yake.

A ƙasashe irin su Jamus da Holan da Suwidin da Denmark, mai digirin digirgir ma'aikaci ne. Ana tallata gurbin kamar kowane aiki, a sa hannu a kwangila ta shekara uku zuwa huɗu, a riƙa biyan albashi duk wata. A Jamus galibi ana biyan kashi 50 zuwa 75 cikin ɗari na matakin albashin ma'aikatan gwamnati da ake kira E13. Wannan ne ya sa wasiƙar da ka aika wa farfesan da ba shi da kuɗin bincike a hannu ba ta da inda za ta sauka, komai kyawunta. Ka nemi guraben da aka riga aka tallata, a shafin EURAXESS na guraben bincike na Turai, da makarantun bincike na Max Planck, da shirin digirin digirgir na EMBL, wanda hedikwatarsa ke Heidelberg kuma yake da cibiyar bayanan halittu a Hinxton kusa da Kambirij. Shirin Marie Curie na Tarayyar Turai ma yana ɗaukar ɗan kowace ƙasa, da sharaɗin kada ya kasance ya zauna a ƙasar da zai je fiye da wata 12 cikin shekara uku da suka gabata.

A Amurka sashen jami'a ne ke ɗaukar ɗalibi, ya yafe masa kuɗin makaranta, ya ba shi alawus a madadin koyarwa ko bincike, kuma akan rufe karɓar takardu a wajejen Disamba. Amma dokokin biza sun tsananta tun 2025, don haka ka bincika matsayinsu kafin ka kashe kuɗin neman gurbi. Kada kuma ka tsallake jami'ar KAUST da ke Thuwal a Saudiyya, wadda ke ɗaukar nauyin ɗalibanta kuma take da babbar kwamfutar nan mai suna Shaheen, ko Afirka ta Kudu, inda cibiyar CHPC a Cape Town ke ba masu bincike lokacin lissafi, kuma cibiyar H3D da Farfesa Kelly Chibale ya kafa ke neman magungunan zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka, wato daidai abin da ka sa a gaba.

Yanzu ga maganar da nake so ka riƙe. Maƙalunka uku, idan irin waɗanda aka saba gani ne, ba za su buɗe maka ƙofa su kaɗai ba. Masu ɗaukar ɗalibai sun ga ɗaruruwan irinsu: an sauko da furotin daga PDB, wato rumbun siffofin furotin a intanet, an zaunar da sinadarai ashirin a cikin aljihunsa, wato gurbin da magani ke mannewa, an jera makin da manhaja ta bayar, sannan aka rubuta cewa an gano magani. Makin nan ƙiyasi ne mai rauni, kuma duk wanda ke cikin fannin ya san haka. Abin da farfesa ke son sani shi ne ko ka fahimci abin da ke faruwa a ƙarƙashin manhajar. A ganawa zai iya tambayarka ko ka cire asalin sinadarin da ke cikin furotin ɗin ka mayar da shi, ka ga ko manhajar ta ajiye shi a mazauninsa da tazarar da ba ta wuce angistiram 2 ba (angistiram ma'auni ne na tazara tsakanin atam). Zai tambaye ka me ka yi da ƙwayoyin ruwan da ke cikin aljihun, da kuma dalilin da ya sa ka yarda da sakamakonka. Ɗalibin da ya ce, “A nan lissafina ya gaza, ga kuma abin da nake zargi,” ya fi burge masu tantancewa a kan mai maƙala goma da bai taɓa shakkar ko lamba ɗaya ba.

Wannan giɓi ana iya cike shi a cikin wata shida da kwamfutar da ke hannunka. Ka saba da tsarin kwamfuta na Linux har ya zama ba ka jin tsoron baƙin allon da ake rubuta umarni a kai, ka koyi harshen rubuta manhaja na Python yadda za ka iya rubuta ɗan shirin tantance sakamako da kanka. GROMACS kyauta ce ga mai son bin motsin furotin a cikin ruwa, ORCA kuma kyauta ce ga masu binciken jami'a da ke son lissafin elektiron. Ka ɗauki maƙala ɗaya ta ainihin ɗakin binciken da kake nema, ka maimaita ƙaramin ɓangare na lissafinta, ka ajiye komai a GitHub, shafin da ake ajiye shirye-shiryen kwamfuta don kowa ya gani, tare da bayanin inda sakamakonka ya dace da nasu da inda ya saɓa. Na san wutar lantarki da kuɗin data ba ƙaramin cikas ba ne, kuma lissafin da ya yi kwana biyu yana tafiya yakan mutu idan batir ya ƙare. Shi ya sa ya kamata ka koyi ci gaba daga fayil ɗin da manhaja ke ajiyewa lokaci zuwa lokaci, ka kuma yi amfani da Google Colab, wanda ke yin lissafin a kwamfutocin Google ta intanet, don ƙananan gwaje-gwaje. Wasiƙar da za ka rubuta bayan wannan gajera ce, ta ambaci maƙalar farfesan da abin da ka yi da ita, kuma mutum biyar kacal za ka aika wa.

Game da abin da ake kira fosdok, wato binciken bayan digirin digirgir, hanya biyu ce. Ko dai shugaban ɗakin bincike ya ɗauke ka aiki da kuɗin da ya samo, ko kuma ka rubuta naka ƙudurin ka nemo kuɗin da kanka. Ta biyun ta fi wuya, amma ta fi daraja. Tallafin Marie Curie na wata 12 zuwa 24 yana karɓar wanda bai wuce shekara takwas yana bincike bayan digirinsa ba, kuma akan rufe shi a Satumba. Gidauniyar Humboldt ta Jamus tana ba da wata 6 zuwa 24 ga wanda bai wuce shekara huɗu da kammalawa ba, tana kuma da tallafin Georg Forster musamman don masu bincike daga ƙasashe masu tasowa. Dukansu suna buƙatar mai masaukin da ya amince da kai tun kafin ka nema, saboda haka ana fara ƙulla wannan hulɗa tun ana saura shekara guda a kammala digirin.

Gargaɗi ɗaya: duk wanda ya nemi ka biya shi kuɗi don ya samo maka gurbi ko wasiƙar amincewar farfesa, ka rabu da shi. Guraben da na ambata ana neman su ne kai tsaye a shafukan cibiyoyin, kuma mafi yawan na Turai ba sa karɓar ko sisi wajen miƙa takardu.