Makirufo nawa ake bukata don ɗaukar kalangu da ganga?

Wani ɗan'uwa daga wani ƙauye kusa da Ringim ya aiko da tambaya. Yana da shagon cajin waya da tura waƙoƙi, ya tara naira dubu 400, yana da tsohuwar kwamfuta da ɗakin ƙasa guda a zauren gidansu da ba kowa a ciki. Makaɗan kalangu na yankin da wasu sha'irai masu mandiri suna ta matsa masa ya buɗe situdiyo don su huta da zaryar Kano. Ya ce: "Malam, wani mai shago a Sabon Gari ya nuna mini akwati mai makirufo bakwai na ɗaukar ganguna, ya ce da shi na gama. In saya?"

Ɗan'uwa, kada ka saya. Akwatin nan ba don gangunanmu aka haɗa shi ba. An yi shi ne don jerin gangunan Turawa da mutum ɗaya ke zama ya kaɗa da hannu da ƙafa, yawancin makirufon kowane da gangar da ake maƙala shi a bakinta. Kalangu kuwa a hammata yake, mai shi yana matsa igiyoyi yana saki, yana rausaya, ba gindin da za ka maƙala komai. Abu na biyu da mai shagon bai faɗa maka ba: makirufo bakwai na neman akwatin shigar da sauti, wato na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta, mai ƙofar jonawa takwas, da waya bakwai, da ƙafafun dasawa. Kafin ka haɗa waɗannan, kuɗin sun ƙare, ɗakin kuma yana nan yadda yake.

Biyu sun ishe ka farawa. Makirufo iri biyu ne za ka fi cin karo da su. Akwai dainamik, mai jure duka da ƙura da ƙarar ganga, ba ya neman wuta ta musamman. Sanannensa shi ne Shure SM57, wanda ya fito tun 1965 kuma har yau da shi ake ɗaukar ganguna a manyan situdiyo. Sai kwandensa, irin su Audio-Technica AT2020, mai kaifin ji, wanda sai akwatin sautinka ya ba shi wuta bolt 48 yake aiki. Kaifin jin nan alheri ne kuma matsala ce a ƙauye, domin yadda yake kamo zaƙin fata haka yake kamo carar zakara, daka a maƙwabta da babur ɗin da ya wuce. Ƙurar hunturu da laimar damina ma ba sa yi masa daɗi, sai an riƙa mayar da shi jaka. Ni da ni ne, dainamik ɗaya da kwandensa ɗaya zan ɗauka, da akwati mai ƙofa biyu kamar Focusrite Scarlett 2i2 ko takwaransa na Behringer mai sauƙin kuɗi. Kwandensar nan ita ce kuma za ta ɗauki murya, kuma murya ce za ta fi kawo maka ciniki kullum.

Ka yi hattara da jabu. SM57 da ɗan'uwansa SM58 na cikin waɗanda aka fi kwaikwaya a duniya, kwali da rubutu duk iri ɗaya. In aka yi maka farashin da ya gaza na sauran shaguna nesa ba kusa ba, araha ce da ba ta ado. Ka tafi da wanda ya san aikin, a jona a gwada a gabanka, a rubuta maka rasit da sharaɗin mayarwa.

Yanzu inda aikin yake, wato ajiye su. Kafin ka dasa komai, sa makaɗi ya kaɗa, ka toshe kunne ɗaya ka zagaya ɗakin. Inda kiɗan ya fi yi maka daɗi, nan kwandensa za ta tsaya, galibi daidai tsayin kai, taku biyu zuwa uku daga makaɗan. Ita ke ɗaukar ƙungiyar gaba ɗaya. Dainamik kuma ka ba babban kalangu, wanda ke magana. Kada ka cusa shi jikin fata. Ka bar tazarar taƙi ɗaya zuwa kamu ɗaya, ka karkata shi ya kalli tsakanin tsakiyar fata da bakinta. Tsakiya ita ke ba da dukan gula, gefe ke ba da amo. In ya matsa kusa da yawa, sauti zai yi kauri fiye da kima, sannan duk sanda makaɗi ya juya kafaɗa sai ka ji kiɗan ya gudu ya dawo. Ka shata masa wurin tsayawa da alli a ƙasa. Zai yi ƙorafi a ranar farko, wanda ya saba da filin dambe ba ya son a kafe shi wuri ɗaya.

Akwai wata matsala da ke rikita sababbin shiga. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka bugu ɗaya yana isa makirufo na kusa kafin na nesa. In aka haɗa su, wani lokaci sai su cinye juna, ganga mai kauri ta koma kamar ana dukan gwangwani. Maganin ba na kuɗi ba ne: matsar da ɗaya kaɗan-kaɗan kana saurare har kaurin ya dawo. In makaɗa biyu ne kowa da nasa, tazarar da ke tsakanin makirufo biyun ta kai ninki uku na tazarar kowane da gangarsa. Ganga mai fuska biyu kuwa, in ka sa mata ɗaya gaba ɗaya baya, sai ka juya fuskar sautin ɗayan a cikin manhajar ɗaukar sauti da ke kwamfuta, don lokacin da fatar gaba ke shiga ta baya fita take yi. Kuma kada ka bar fitilar akwatin sauti ta yi ja. Ka sa makaɗi ya yi bugunsa mafi ƙarfi tun a gwaji, ka rage daga nan, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa.

Ɗakin ƙasar nan naka dukiya ce da 'yan birni ba su da ita. Katangar laka mai kauri tana tare hayaniyar waje, in rufin azara ne ma ka fi mai kwano, wanda ruwan sama kaɗai ke tashinsa daga aiki. Shimfiɗa darduma, rataya barguna masu nauyi, jingina tsofaffin katifu a kusurwoyi. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya tare ƙara, bar shi. Janareta kuwa abokin gaba ne. Ƙaramin sola da batir sun isa riƙe kwamfuta da akwatin sauti shiru.

Game da kuɗin, farashin kayan nan na bin dala, don haka ka raba su kashi-kashi. Kusan rabi ga makirufo biyu da akwatin sauti. Kashi ɗaya cikin huɗu ga wuta, wayoyi, ƙafafu da abin sauraro na kunne. Ragowar ka ɓoye, kada ka taɓa jarin shago, don shagon ne zai ciyar da situdiyo a watannin farko. Kafin ma ka kashe ko sisi, tambayi makaɗan nan nawa suke kashewa a tafiya Kano, mota da abinci da kuɗin situdiyo, ka ga ko mutum biyar za su ba da kafin alƙalami. Yawancin waƙoƙin yanzu da fiyano ake haɗa su, saboda haka mai son kalangu na gaske shi ne kasuwarka, kuma sai ka ƙirga su, matsin lamba a baki ba ciniki ba ne.

Ka karɓi rabi kafin a fara, musamman a kakar siyasa, sauran kafin waƙa ta bar kwamfutarka. Kai da ke tura waƙoƙi ka fi ni sanin cewa da ta shiga waya ɗaya ta shiga gari. Ku kuma yi magana a gaban shaida kan wa ke da waƙar, mawaƙi ko kai, da abin da za a ba 'yan amshi da makaɗa. Kafin ka miƙa kowane aiki, saurare shi a ƙaramar waya da 'yar sifikar da ake ratayawa a babur, tunda a nan mutanen Ringim da Taura za su ji shi. In kalangun ya ɓace a can, koma ka matsar da makirufo.