Sirinji mai jan murfi

Ɗana, ka tambaye ni ko in sirinjin insulin ya ƙare a ɗakin marasa lafiya za ka iya ɗaukar wanda ke kusa ka yi wa mara lafiya allura. Da wani ne ya yi min wannan tambayar, aji zan mayar da shi. Kai zan amsa maka, don wannan gangancin ya taɓa cin ran mutum a ɗakin da nake shugabanta, kuma har yau abin na ci min rai.

Dattijo ne manomi mai ciwon suga, likita ya rubuta masa Mixtard, wani nau'in insulin, yunit 20 da safe. Kwalbarsa U-100 ce, wato yunit 100 a kowane mil ɗaya. Sirinjin asibiti ya ƙare, aka tura ɗansa kemis, ya dawo da mai jan murfi, na U-40, wanda aka yi don insulin mai yunit 40 a kowane mil. Nas ɗin da ke aiki ranar sabon gama makaranta ne, ko juya sirinjin bai yi ba balle ya karanta. Ya ja magani har layin 20. To layin 20 a sirinjin U-40 rabin mil ne, rabin mil na U-100 kuwa yunit 50 ne. Ninki biyu da rabi ya ɗura wa bawan Allah. Abincin da ake jira daga gida bai iso ba. Kafin sha ɗaya dattijo ya jiƙe da zufa, hannu na rawa, yana ta surutai marasa kan gado. 'Yan uwa suka ce iska ce, suka shiga tofi, nas kuma yana can kansa a waya. Da aka zo gwada jini, suga ya faɗi warwas, 1.6 mmol/L. An ba shi dekstros, wato ruwan suga, ta jijiya, sugan ya hau, amma ƙwaƙwalwa ta riga ta daɗe da yunwa. Bai ƙara gane kowa ba, ya cika bayan kwana 9.

Don haka amsata a'a ce. Lambar kwalba da lambar sirinji sai sun zo ɗaya. Na U-100 yawanci murfinsa ruwan goro ne, na U-40 ja, amma kada ka dogara da launi, karanta abin da aka rubuta a jiki. Sirinjin allura na yau da kullum mai mil 2 ko 5 kuwa, kada ma ya kusanci kwalbar insulin. In ka rasa wanda ya dace, ka kira na gaba da kai.

Yadda ake tsinke fata a soka ba zan tsaya koya maka ba, ɗan aji ɗaya ya sani. Abin da ku 'yan yanzu ba kwa yi shi ne tambaya. Kafin ka soka Mixtard ko Actrapid, wanda shi ma insulin ne, ka tabbata kwanon abinci na nan, don cikin minti 30 maganin zai fara aiki. Mixtard mai gauraye ne kamar nono, murza kwalbar a tafin hannu, ban da jijjigawa.

In suga ya sauka ƙasa da 3.9 kuma mutum na iya haɗiya, ba shi ƙaramin cokali 3 na sukari a ruwa, ka sake gwadawa bayan minti 15. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. Dekstros mai kashi 10 cikin 100 ta jijiya, mil 150 zuwa 200. Kuma don ya buɗe ido ba ka gama ba: Mixtard na iya kai awa 24 a jiki, sugan zai sake faɗuwa. Ka bar ruwan na tafiya, ka riƙa gwada jini kowace awa.