Abin da ya sa muka gyara tsohuwar kiremaya, ba mu sayo wata ba

Jiya muna wanke hannu, ana gab da kiran magariba, ka jefo mini tambaya na ce ka bari sai na huce gajiya. Cewa ka yi: "Maigida, me ya sa muka ɓata kwana uku a kan kiremayar tsohuwar BMW ɗin nan, alhali da waya ɗaya za a sako mana wata daga Kano ta shigo ta Ɗan Isa? Kuma mai motar da bakinsa ya roƙi a sa masa mai saurin juyi, ta BMW Z3, ka hana." To zauna, ɗana, tambaya biyu ce ka haɗa a jaka ɗaya.

Fara da sanin abin da ke hannunka. Kiremaya, wadda mutanen Kano ke ce wa rak, sandar ƙarfe ce mai haƙora kwance cikin bututu, da ɗan finyo, wato ƙaramin ƙarfe mai haƙora da ke juyawa, yana cizon haƙoran. Ka murɗa sitiyari, finyo ya juya, sanda ta zame hagu ko dama, ta tura ƙafafun gaba ta hannun rotil, gaɓar nan mai kan ƙwallo da ke haɗa sanda da ƙafa. Iyakarta ke nan. Marsandi 190 da ka saba kwancewa ba ta da ita, akwatin sitiyari gare ta mai ƴan ƙwallayen ƙarfe a ciki, shi ya sa hannunka bai saba ba. Masu ƙera motocin gudu sun fi son kiremaya saboda gaɓoɓinta kaɗan ne, abin da taya ta taka direba na jin sa a tafin hannunsa. MGB ta Ingila ta 1962 da ita ta fito, haka Datsun 240Z ta 1969, haka Golf GTI ta 1976. Ita wannan da ke gabanmu E30 ce, wadda BMW ta ƙera daga 1982 zuwa 1994. Ka ga ƙarfen ya girme ka nesa ba kusa ba.

Ranar da aka kawo ta, mai motar ya ce sitiyari na wasa, mai kuma na ɗiga. Ka tuna ban taɓa sifana ba sai da na sa ka zauna ciki kana kaɗa sitiyari a hankali, ni ina kwance ƙasa hannuna a kan gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa ana ɗora wa kiremaya laifin maƙwabtanta. Akwai faifan roba a mahaɗar sandar sitiyari da finyo, idan ya tsattsage sai wasa ya zo. Akwai rotil na waje, akwai na ciki da ke ɓoye cikin sufule, robar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar zugazugin maƙera. Akwai robobin hannun ƙafa. Na matse sufulen da yatsu na kama rotil na ciki, na ji yana ƙwas-ƙwas a ɓangaren dama. Rabin wasan daga nan yake. Da mun sayo kiremaya mun mayar da rotil ɗin nan, da mai mota ya dawo mana da faɗa kafin Juma'a.

Da muka sauke ta muka zare sandar, me na fara yi? Na wanke ta tas, na kai ta bakin ƙofa wajen haske. Abu uku nake nema, kuma su ke yanke hukunci ko a gyara ko a jefar.

Na farko haƙoran tsakiya. Mota kusan duk rayuwarta miƙe take tafiya, saboda haka haƙora huɗu ko biyar na tsakiya su ke shan wahala, na gefe suna hutu. Ka sa farce ka bi su. Idan na tsakiya sun yi siriri sun yi ƙyalli kamar bakin wuƙar mahauci, na gefe kuma suna nan da kaurinsu, wannan sanda ta gama aiki. Babu giris, babu ɗauri da zai mayar da ƙarfen da ya cinye. Na wannan motar sun ɗan yi haske, amma siffarsu ɗaya da na gefe.

Bari in ba ka labarin wautata a nan, don kada ka maimaita. Bayan sanda, daidai inda finyo yake, akwai ɗan matashi, wato ɗan abin tokare, da sifirin da ke danna sandar a jikin finyo. Ina aparanti kamarka aka kawo wa maigidana wata Fijo 504 mai wasan sitiyari. Ba ya nan, na ga dama ta samu. Na matse matashin nan har wasa ya ɓace, ina jin kaina gwani. Muka fita gwaji hanyar Madarunfa, direba ya sha kwana ya sassauta hannu don sitiyari ya koma da kansa kamar yadda ya saba, sitiyari ya ƙi. Allah ya sa ba gudu muke ba, cikin gonar gero muka tsaya. Dalili kuwa a fili yake: na cike giɓin tsakiya inda haƙora suka ci, da sanda ta zo gefe inda ba su ci ba sai ta cije. Maigidana bai ce mini uffan ba, sandar ya miƙo mini ya ce in ja ta da hannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Tun ran nan ba na daidaita matashin kiremaya sai na ja ta gefe zuwa gefe na ji nauyinta ɗaya ko'ina.

Na biyu miƙewa. Ka ga na kwantar da gilashin tagar mota mai shafaffen jiki a kan tebur, na mirgina sandar a kai. Sandar da ta taɓa dukan rami ko bakin kwalbati za ta riƙa ɗingishi, haske na ratsawa ƙarƙashinta. Irin wannan ba na kai ta wurin mai walda, ba na sa mata wuta. An gasa haƙoranta tun daga masana'anta don su yi tauri, wuta na kashe taurin, kuma ran mutum ne a kanta.

Na uku, tunda wannan mai taimakon famfo ce, wato famfon mai ke sauƙaƙa mata juyi, shi ne santsin jikin sanda inda juwan, robar da ke hana mai fita, ke gogawa. Mai yana shiga nan da matsin gaske. Ƙaramin ramin tsatsa kamar ƙwayar gero ya isa ya yanke sabon juwan cikin wata ɗaya. Tamu ta yi ƴan zane-zane marasa zurfi, farce ba ya kamawa, shi ya sa na sa ka goge ta da takardar yashi mafi laushi da ɗan mai, kana zagaya sandar ba kana bin tsawonta ba. Ka yi ta gunaguni, na ji ka.

Sanda ta ci jarrabawa uku, sauran duk abin canzawa ne: juwan, zoben roba, bush na ƙarshen bututu, rotil, sufule. Wurin da na fi jin tsoro shi ne gidan finyo, inda bawul yake da ƴan zobbansa. Da daɗewa zobban kan ci jikin gidan su yi masa kwari, mai ya riƙa zamewa ta gefe. Alamarsa ita ce da sanyin safiyar hunturu sitiyari ya yi nauyi, in mota ta ɗumama ya saki. Na zura yatsa ciki, sumul. Nan hankalina ya kwanta. Ledar da ka ga na naɗe haƙoran sanda da ita kafin in zura ta cikin juwan, ba tsafi ba ne. Haƙora kaifi gare su, in suka ratsa juwan tsirara sun yanke leɓensa, ka rufe komai ka zuba mai ya biyo ka.

Me ya kashe juwan tun farko? Sufulen dama ya yage, wani ya ɗaure shi da tsumman roba ya ce a je a haka. Garin nan ka san shi: rairayi a kowane lungu, hunturu ya zo da ƙura, damina ta zo ruwa ya kwanta kan hanya. Rairayi ya haɗu da giris ya zama abin wasa wuƙa, sanda na kai da kawo cikinsa dare da rana. Robar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba ita ke tsaron ƙarfe mafi tsada a gaban mota. Duk motar da ta hau jak a garejin nan, ko birki aka kawo ta, ka leƙa sufulenta.

Yanzu batun ta kasuwa. Ba na raina kayan Beljiyam, da su muke ci. Amma kiremayar E30 da za a sako maka daga Ƙofar Ruwa ita ma ta haura shekara 30, sa'ar wadda muka cire ce. An wanke ta da fetur, wataƙila an fesa mata baƙin fenti, cikinta kuwa Allah kaɗai ya sani. Motar da ta zauna Turai inda ake watsa gishiri kan hanya lokacin ƙanƙara, tsatsa ke cin sandarta ƙarƙashin sufule. Tamu na buɗe na gani da idona. Waccan sai na biya kuɗin mota, na biya na kaya, sannan in buɗe in gani. In dole ta sa ka saya, ka je da kanka ko ka aiki mai ido. Ka janye sufule biyun kafin a yi ciniki. In mai ya zubo daga ciki, juwan ya mutu. In mai kaya ya hana ka janyewa, ka yi masa sallama.

Kuma ka tafi da tsohuwar a hannu, da abin awo. Ka auna tsakanin ramukan ɗauri. Ka auna tsakanin rotil na ciki biyu, don wannan awon shi ne wanda yara ba su damu da shi ba, kuma shi ya fi cuta. In ya saɓa, ko kiremaya ta zauna sama ko ƙasa da mazauninta, to duk lokacin da ƙafa ta hau tudu ta sauka sai taya ta karkata da kanta, ba wanda ya taɓa sitiyari. A kwalta mai kyau da wuya a lura. A gargadar burji kuwa mota za ta riƙa rawa kamar an yi mata kiɗan kalangu. Ka duba gefen da finyo yake. Mu hannun dama muke bi, sitiyarinmu na hagu, amma kayan motocin Ingila da Japan masu sitiyarin dama suna shigowa kasuwa a cakuɗe. Kada wani ya ce maka a kife ta a ɗaura. Kiremayar da aka kife, ka murɗa dama mota ta yi hagu. Haka in aka ɗauko wadda aka yi don zama gaban ƙafa aka sa a motar da tata ke baya.

Sai mai saurin juyi. Saurayin nan ba daga kansa ya ƙago ba, masu irin motar a Turai da Amurka sun daɗe suna yi. Kiremayar E30 juyi wajen 4 take ci daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ta E36, BMW ɗin da ta gaji E30, uku da ɗan ɗori. Ta Z3 mai ƙaramin inji kuwa 2.7. Tana shiga, amma ba haka siddan ba: sai an sa mata maƙalai a wurin ɗauri, an gyara mahaɗar sandar sitiyari, an sake tiyon mai. Kuma ƙirga juyi kaɗai na iya ruɗar ka, don wata kiremayar juyinta kaɗan ne saboda tafiyarta gajera ce, ba don sauri ba. Ka juya finyo sau ɗaya cif, ka auna milimita nawa sanda ta fito. Wannan ne saurin gaskiya.

Abin da ya sa na hana shi, saurin ba kyauta ba ne. Yadda hannunka kaɗan ke juya taya da yawa, haka taya in ta daki rami take fizgar hannunka da ƙarfi. Su can suna zagaye a filin tsere mai santsi kamar faranti. Shi kuwa ina zai je? Tibiri, Gidan Rumji, in ya yi nisa Tasawa, tsakanin ramuka da amalanke da akuyar da ba ta neman izini kafin ta tsallaka. Mutum ya firgita ya fizgi sitiyari mai juyi 2.7 yana cikin gudu, motar da ke tura kanta da ƙafar baya, gindinta zai riga kanta isa. Sannan ranar da bel ɗin famfo ya tsinke a daji, nauyin sitiyarin zai ƙaru sosai a kan na asali. Ka dubi 504: sitiyarinta ba mai sauri ba ne, amma ita ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, mai ƙofa biyunta kuma ta ci a 1978. Na ce masa ya fara tuƙa tasa da sabbin rotil da robobi wata guda. In har bayan haka yana jin ta da nawa, mu nemi ta E36, ita ce tsaka-tsaki. Ta Z3 dai ba da hannuna ba.

Gobe da safe kai za ka ƙarasa, ina kallo. Tulun man famfo sabo za ka sa, don matacinsa a ciki yake ba ya fita, kuma duk dattin tsohon juwan na nan maƙale. Ka wanke tiyo. Jan man ATF, irin na giyar otomatik, za ka zuba kamar yadda murfin ya ce, kada ka kusanci korayen gwangwanayen man sitiyarin nan na kan kanta, ba a haɗa su. Ka ɗaga gaba a jak, inji a kashe, ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe har kumfa ta daina tasowa, sannan ka tayar da inji ka sake. Kada ka danne shi a ƙarshe kana jin famfo na kuka. Ka ƙirga juyi ka raba biyu ka tsayar da kiremaya a tsakiyarta kafin ka daidaita sitiyari, ba sitiyari za ka cire ka gyara wa zama don ya rufe karkata ba. Daga nan mu kai ta awon ƙafafu, sai mu bi hanyar Tibiri. A kwanar farko zan ce ka sassauta hannu, mu ga ko za ta koma da kanta.