Amsa: tumatir ya nannaɗe ganye, me za a dasa a gurbinsa?

Ɗan'uwa, sannu, Allah ya mayar da alheri. Yadda ka siffanta shi, ganyen sama ya ƙanƙance, ya lanƙwashe kamar cokali, gefensa ɗorawa, fure yana zuba, mu ma masu garka a Gulbin Maraɗi mun sha wannan baƙin cikin. Kana tambaya ko ka tuge ka sa tattasai a wurin. Don Allah kar ka yi.

Cutar nan ba a ƙasa take ba, kuma ba a hannu ko wuƙa take yaɗuwa ba. Bairos ne, wato ƙwayar cuta da ido ba ya gani, farin ƙuda, ɗan ƙaramin ƙwaro mai tsotsar ganye, ke ɗauke da shi. Ya tsotsi shuka mai ciwo na minti 15 zuwa 30 ya isa, bayan kamar kwana ɗaya sai ya fara harbin masu lafiya, kuma yakan riƙe ta har ya mutu. Abin dubawa shi ne wace shuka take ajiye ta. Tumatir ne kan gaba, sai taba, sai zaƙami da gautan kaji da ke fitowa bakin rijiya da gindin shinge. Tattasai da barkono suna iya ɗaukar ta ba su nuna komai ba, ka ga ganye shar alhali rumbun cuta ne. Albasa, kabeji, karas, masara da dawa ba ta kama su. Ni albasa zan ce ka sa. Kabeji yana tara ƙudan, ko da cutar ba ta shigarsa.

Abin da ya fi ci mini rai masu sayar da dashe ne. Alamar ba ta fitowa sai bayan sati 2 zuwa 3 da harbi. Mutum ya reni iri a fili, kusa da tsohon tumatir da ya ƙi tugewa, ya kawo kasuwa kore shar. Kai ka biya, ka zuba taki, ka sayi mai ka yi ta ban ruwa, sai lokacin fure gona ta tsaya cak. Shukar da aka harba tana ƙarama kusan ba ta ba da komai. Ka koma masa ya ce ƙasarka ce. Mai shago kuma ya miƙo maka kwalba wai maganin nannaɗewa. Babu feshin da ke warkar da shukar da ta kamu, wallahi asarar kuɗi ce.

Shuke-shuke masu ciwon, ka rufa musu buhu kafin ka tuge don kar ƙudan ya watse, ka binne nesa. Ka nome zaƙamin nan duka. Renon iri ka yi da kanka a ƙarƙashin raga mai ƙananan ido har kwana 25 zuwa 30. Gidan sauro na kwana idonsa ya yi faɗi, ƙudan yana ratsawa. A fakitin iri ka nemi alamar TY ko TYLCV, gajeren sunan cutar ke nan, tana nuna irin yana jure mata.

Kuɓewa da rogo nasu bairos ɗin daban ne, amma ƙudan ɗaya ne, kar ka jera su da wurin reno. Ga feshin rage ƙudan, garin ƙwallon bedi giram 500 a ruwa lita 10, ya kwana, ka tace, ka sa ɗan sabulu, ka fesa ƙarƙashin ganye da yamma duk sati. Kuma ka yi magana da maƙwabtan garkarka, in tsohon tumatir ɗinsu yana tsaye, daga can ƙudan zai dawo maka.